Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙudan da na ɗauka rina ce

Assalamu alaikum masu bibiyata. Wancan makon mun tsaya ne inda likita ya ce in daina kwanciya a ɗaki tunda an sallame ni, in riƙa taka ƙafa ko na minti 30 ne kullum. Toh lokacin zafi ne, shi yasa da sassafe nake fita lambun shaƙatawan da ke kusa da mu, in zagaya sau biyu sannan in nemi benci in zauna ina haki.

A kwana na biyar wani abu mai ratsin rawaya da baƙi ya zo ya tsaya cak a iska daidai fuskata, na zabura na kai masa duka da hula don ni a sanina rina ce, kuma tun ina yaro na san zafin harbinta. Sai wani dattijo da ke durƙushe gindin furanni da ɗan gilashin ƙara girma a hannu ya ce, "Ɗana ƙyale shi, ƙuda ne, ba ya harbi."

Na ce Baba ƙuda kuma da wannan kalar? Ya yafito ni, muka jira abin ya sauka kan fure, ya miƙo min gilashin. Wallahi abin da na gani har yau yana idona. Idanu ne manya jajaye sun kusa cinye kan gaba ɗaya, ƙahonnin nan nasa guntaye ƙwarai, ga fukafukai guda biyu rak. Baba ya ce rina da ƙudan zuma huɗu gare su, kuma ƙugun rina siriri ne kaman an ɗaure da zare, wannan kuwa kayanta kawai ya ara don tsuntsaye su ji tsoronsa. Ya ƙara da cewa da yawa daga irin ƙudajen nan tsutsarsu darɓa take ci, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye. Raina bai min daɗi ba da na tuna saura ƙiris in kashe shi.

Daga ranar zagaye biyun nan ya koma awa biyu. Abu na farko da ya koya min shi ne ƙirga ƙafa. Mu a baki duk ƙwaro muke cewa, amma wajen masana mai ƙafa 6 da jiki gaɓa uku daban, gizo-gizo mai ƙafa 8 da gaɓa biyu daban, ba shi da fiffike ba shi da ƙaho. Nau'in gizo-gizo kaɗai da aka ba wa suna sun haura 50,000, masu ƙafa shida kuwa wajen miliyan ɗaya.

Wanda ya fi shiga raina wani ɗan mitsitsin gizo ne mai gashi-gashi da na tarar a hannun benci, bai kai farcen ƙaramin yatsana ba. Na matso da fuska, maimakon ya gudu sai ya juyo gaba ɗayansa ya ɗago kai ya zuba min manyan idanun nan biyu na gaba, baƙaƙe sai sheƙi suke, na koma dama ya bi ni, na koma hagu ya bi ni. Irinsa ba ya saƙa yana don kamu, lallaɓawa yake kaman kyanwa sannan ya daka tsalle, kuma kafin ya tashi sai ya manna zare a inda yake tsaye, in ya kuskure ya hauro abinsa. Na ga hakan da idona, ya kai wa wani ɗan ƙuda cafka bai samu ba, ya yi lilo, ya dawo. Wata uku ina fama da jikina babu abin da ya mantar da ni ciwon sai wannan minti goman.

Baban ne ya sa min iNaturalist a waya, manhajar gano sunan halitta ta hanyar hoto, ya ce in ɗauki hoto ta sama da ta gefe da ta fuska, kar kuma in yarda da sunan farko da manhajar ta kawo sai masu sani sun duba. A bakin ɗan tafkin wajen ya nuna min mazari, babban in ya sauka fukafukansa a buɗe suke, ɗan uwansa siririn kuma yawanci haɗe su yake a bayansa.

Ranar da na fara gano abu ni kaɗai, tururuwa na gani suna hawa da sauka a wani reshe, na juya ganyen sai ga darɓa jingim, tururuwan na shafa su da ƙaho suna lashe ruwan zaƙin da ke fitowa. Na yi sauri wajen furannin in faɗa wa Baba, ban same shi ba, washegari ma bai zo ba. Yadda aka yi na nemo shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.