Zaren da ya narke mini sau uku

Shimfiɗar farko da na ciro daga tanderu, a ƙoƙarina na yin zaren kabon daga sinadarin itace, ko zare ɗaya babu a cikinta. Abin da na saka da yamma mai laushi ne kamar auduga, ruwan ƙasa. Abin da na tarar da safe wani ɓawo ne mai sheƙi, ina taɓa shi ya farfashe. Da na duba a maikiroskof na lantarki, zarurrukan duk sun manne sun zama faranti guda. Aikin mako biyu ke nan ya tafi.

Da liginin nake aiki, wato sinadarin da ke ɗaure jijiyoyin itace har bishiya ta tsaya ƙyam. Kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na busasshen itace shi ne. Masana'antun takarda suna ware shi, mafi yawansa kuma ƙona shi suke yi don samun makamashi. Alhali kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa kabon ne, ga shi kuwa kimanin kashi 90 na zaren kabon da ake yi a duniya daga PAN yake fitowa, wani nau'in roba wanda tushensa man fetur ne. Tunanin ba sabo ba ne: tun shekarun 1960 Sugio Otani ya yi zaren kabon da liginin a Japan.

Kaɗin zaren bai wahalar da ni sosai ba. Na wanke garin liginin da asid marar ƙarfi don rage toka, na narkar da shi a wani ruwan sinadari da ake kira DMF, na zuba a sirinji, na ba allurar wutar lantarki bolt 15,000, farantin tarawa na nesa da ita santimita 15. Da farko ɗigo-ɗigo kawai take fesowa, domin ƙwayoyin liginin gajeru ne masu rassa, ba sa sarƙewa da juna. Da na ƙara PEO, wani sinadari mai dogayen ƙwayoyi, kashi 1 cikin 100, sai zare ya fara sauka kamar saƙar gizo.

Inda na sha kashi shi ne gashin farko, wanda ake yi cikin iska kafin a kai ga babbar wutar da ke mayar da zaren kabon. Liginin yana yin taushi tun zafi bai kai digiri 200 ba. Amfanin wannan gashi shi ne iskar oksijin ta shiga ta ƙulla ƙwayoyin da juna, kuma duk ƙullin da ya ƙaru, zafin da zaren ke iya jurewa yana ƙaruwa. Tsere ne tsakanin ƙulli da zafi. Idan zafi ya riga, zaren ya narke. Ni kuwa ƙarin digiri 5 a kowane minti na sa, saboda ina son in tashi da wuri. Na rage zuwa 2, ya sake narkewa. Na koma 1, wannan karon zarurrukan sun tsira, amma duk inda biyu suka gitta sun haɗe kamar an yi musu walda.

Dattijon da ke kula da tanderun ya ɗaga farantin ya duba, ya ce, “Malam, wane itace ne wannan?” Na ce ban tambaya ba, liginin ai liginin ne. Ya yi dariya ya ce, “To je ka karanta jikin kwalbar.” Na itatuwa masu faffaɗan ganye ne. Irin wannan yana da sauƙin narkewa amma yana da nawar ƙulluwa, saboda wuraren da ƙulli zai kama a jikin ƙwayarsa da yawa a toshe suke. Na dangin fain, masu ganye kamar allura, ya fi saurin ƙulluwa. Na sauya zuwa shi, na sa rabin digiri a minti. Daga zafin ɗaki zuwa 250 awa bakwai da rabi ne, sannan awa ɗaya a tsaye. Sauri ya haifi nawa, da tun farko haka na yi da na huta da asarar wata guda.

Babbar wutar ba ta da rigima. Naitirojin na bi ta bututun, zafi ya kai 900, shimfiɗar ta fito baƙa ƙirin, ta tsuke, nauyinta bai kai rabin na da ba. Abu ɗaya dai, a bar naitirojin ya kore iska tukuna, in ba haka ba toka za a kwasa.

Sai huda ramuka a jikin zaren, domin don supakafasita nake yin sa, wato na'urar da ke adana cajin lantarki, kuma a jikin ramukan cajin ke zama. Na fara da KOH, wani sinadari mai cin abu, a digiri 800, domin shi kowa ke yabo. Gaskiya yana ci: awon da ake yi da naitirojin a digiri 196 ƙasa da sifili ya nuna faɗin fili fiye da murabba'in mita 1,000 a giram ɗaya. Na yi murna har na ɗauki shimfiɗar da hantsaki ta zube gari. Bututun tanderun ma, na gilashin kwaz, ya yi fari fat, KOH ya cinye cikinsa, kuma sai da na amsa tambayoyi a kansa. A ganina ana cika zuzuta wannan adadi na faɗin fili. Yawancin ramukan ƙasa da nanomita 2 suke (nanomita miliyan ɗaya ne milimita guda), kuma idan babu matsakaita, masu nanomita 2 zuwa 50, da za su zama hanya, ayon, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da caji, ba sa kaiwa ciki da sauri a supakafasita.

Yanzu PMMA kaɗan, wani nau'in roba, nake gaurayawa tun wajen kaɗi. Shi wuta na ƙone shi ya bar gurbinsa, sannan in bi da iskar CO2 wadda cinta a hankali ne. Faɗin filin bai kai na KOH ba, ƙarfin zaren kuma ko kusa da na PAN bai zo ba, ba wanda zai yi fiffiken jirgi da shi. Amma shimfiɗar makon jiya na naɗe ta a jikin biro na warware ba ta tsage ba, na yanke da'ira biyu daga cikinta, suna kan na'urar caji tun ranar Litinin.