Rabin buhun siminti ya ci min sati uku a Kotswold

Wallahi har yau in na ga buhun siminti sai gabana ya faɗi. Aikin birkila nake a Ingila, bara oga ya samo mana gyara a wani tsohon gidan masu hali a ƙauyen yankin Kotswold, ginin 1600 da wani abu, yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, mataki na 2 mai tauraro, wato daga shi sai na 1. Gidan ya haɗu ba ƙarya. Dutsen nan nasu mai ruwan zuma, tagogi an raba su da siraran ginshiƙan dutse, kowace da ɗan geza a samanta don kar ruwa ya gangaro kan gilashi, rufin ma fallen dutse ne, manya a ƙasa suna ƙanƙancewa har tsororuwa.

Nawa aikin cike tsakanin duwatsu ne a bangon baya. Ranar Juma'a layim ɗinmu ya ƙare, wato farar ƙasar da ake kwaɓawa da yashi a irin tsohon ginin nan maimakon siminti, oga ba ya nan, ni kuma ina so in burge, ga rabin buhun siminti a bayan mota, kawai na kwaɓa da yashi mai ruwan ɗorawa kala ta zo daidai na shafe bangon tsaf har da ɗaukar hoto.

Litinin jami'ar kula da gine-ginen tarihi ta kansul, wato ƙaramar hukuma, ta zo duba tagogi. Wucewa ma take, sai ta tsaya, ta ciro makullin motarta ta karci kwaɓin, ko gezau. Bata ce min uffan ba, oga kawai ta kalla, ni kuma a wannan sanyin zufa ta karyo min.

Ashe dutsen nan taushi gare shi kuma yana shan ruwa, dole kwaɓin ya fi shi taushi don damshi ya riƙa fita ta nan, in wani abu zai lalace kwaɓin ne ba dutsen ba. Siminti kuwa toshe hanya yake, ruwa ya maƙale a ciki, hunturu ya zo ya daskare, fuskar dutsen ta fara ɓarewa. Kuma a dokarsu ta 1990 ka canza kamannin irin gidan nan ba izini laifi ne na kotu, har ɗaurin shekara 2 ana iya yi. Allah ya rufa asiri aka tsaya a kan in cire.

Cirewar ita ce azabar. An hana ni giranda, injin yankan nan, don tana cin gefen dutse, sai guduma da cizil, taku ɗaya ɗaya, aikin da na yi a yini ɗaya ya ci min sati uku kuma rabin kwanakin ba a biya ni ba, ban ma ga fuskar yin gardama ba. Sannan na sake da layim, kashi 1 yashi 3, a lulluɓe da buhun algarara ana yayyafa ruwa kamar mai renon jariri, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 5 kuma sai haƙuri, ba a taɓawa.

Abin da ya fi min ciwo da na kira Baba a Zariya ina ba shi labari dariya ya yi ta yi, wai kai ɗan nan, ba a gabanka filastar siminti ta ɓallo daga katangar ƙasarmu da damina ba? Ai da makuba ake mata. Na san wannan tun ina firamare fa, sai da na tsallaka teku na manta.

Duk wanda ya samu aiki a irin gidajen nan, kafin ka ɗaga cokali ka tambayi me izinin ya ce, in kaya sun ƙare ka zauna ka sha shayi, ba wanda zai kore ka don ka jira layim. Ni dai akwai duwatsu huɗu a ƙasan tagar kicin da cizil ɗina ya ɓantare musu gefe, suna nan, kuma har yanzu yaran wajen aiki Mista Siminti suke ce min.