Godiyar gidanmu ga duk wanda ya tsaya mana kan lalurar autanmu

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki na Damagaram da kewaye.

A madadin Inna da dukkan mutanen gidanmu nake miƙa godiya ga duk wanda ya tako, ya kira, ya aiko, ko ya yi mana addu'a daga inda yake, tun daga ranar da autanmu ya faɗi a kan babur kusa da kasuwar Dole, haƙorinsa ɗaya ya fita da saiwarsa. A wannan makon likitan haƙora ya duba sabon hoton da aka ɗauka, ya ce haƙorin da aka mayar ya zauna, dasashi ya rufe, babu ruwa babu kumburi. Alhamdu lillahi.

Da yawa daga masu zuwa dubiya sun yi mamakin yadda hankalinmu ya tashi a kan haƙori ɗaya. Wasu ma ba su taɓa jin ana mayar da haƙorin da ya fita da saiwarsa ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yaron nan yana da ciwon sukari tun yana firamare, da allurar insulin yake rayuwa. Shi da kansa ya ba ni izini in faɗa a nan, don ya ce wataƙila wani ya amfana.

Godiyata ta farko ga baiwar Allah mai shago a bakin hanya ce. Lokacin da mutane suka rufu a kan yaron ana salati, ita ce ta duƙa ta nemo haƙorin cikin ƙasa. Ta kama shi ta kai, ba ta taɓa saiwar ba, ba ta kankare shi ba, ba ta naɗe shi a tsumma ba. Ta fasa madarar kwali daga shagonta, ta ɗauraye shi, ta jefa shi cikin sauran madarar, ta ce da mai kabu-kabu: "Ɗana, kai su asibiti yanzu, kar ka tsaya ko'ina." Daga baya likita ya bayyana mana girman abin da ta yi. A jikin saiwar haƙori akwai wasu siraran zaruruwa masu rai, su ne ke riƙe shi da ƙashin muƙamuƙi. Idan haƙori ya zauna a bushe suna fara mutuwa nan da nan, kuma in ya kai minti 60 a haka kusan babu mai sauran rai a cikinsu. Ruwan famfo ma kashe su yake idan aka jiƙa haƙorin a ciki. Madara, ko yawun mai haƙorin, ko ruwan gishirin asibiti, su ne ke tsare su na ɗan lokaci. Nono mai tsami bai dace ba. Hajiya, kin ƙi karɓar kuɗin madararki, Allah ya biya ki da abin da ya fi shi. Kai ma mai kabu-kabu, Allah ya tsare maka hanya.

Sai likitan haƙora. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi, kafin ya taɓa bakin yaron sai da ya tambaya: "Samari, kana da wata cuta? Akwai maganin da kake sha kullum?" Yaron ya sunkuyar da kai, don a shekarunsa ba ya son a san yana allura. Inna ce ta amsa: "Likita, yana da sukari, ga littafinsa." Nan take aka soki yatsa aka gwada. Sukarin ya hau, kuma an ce mana tsoro da zafin ciwo kaɗai suna iya ɗaga shi. Likita bai jinkirta mayar da haƙorin ba, tunda lokaci ba ya jira. Ya yi allurar kashe zafi, ya wanke ramin, ya mayar da haƙorin mazauninsa, ya ɗaure shi da na gefensa da siririyar waya mai lanƙwasa, ya ɗauki hoto. Amma kafin mu fita ya sa an kira likitan da ke bin sukarin yaron, su biyu suka daidaita magani. An yi masa allurar tetanus saboda ƙasar da haƙorin ya taɓa, aka rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ruwan kurkurar baki na kuloheksidin.

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa, ba da Faransancin asibiti ba. Ya ce mayar da haƙori kamar dashen itace ne, ko dashen ya yi kyau, ƙasar ce za ta riƙe shi, ƙasar nan kuwa ita ce jikin mutum. Sukari idan ya daɗe a sama yana lalata ƙananan hanyoyin jini, sai jinin da zai kai abinci da iska zuwa rauni ya ragu. Yana kuma sanyaya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Shi ya sa raunin mai sukari ke jinkirin warkewa, yake saurin yin ruwa, kuma ciwon dasashi ya fi yawa a cikin masu sukari. Abin ma yana komawa baya: ƙurji a baki yana ƙara ɗaga sukarin. Gwajin safe da muka saba, wanda in ya kai giram 1,26 a lita kafin karin kumallo ake zargin cutar, labarin ranar kawai yake bayarwa. Akwai wani gwajin mai suna HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce, kuma ga yawancin masu cutar ana so ya zauna ƙasa da kashi 7 cikin 100. Na autanmu ya ɗan ɗara haka, wannan ne ya sa aka sa masa ido fiye da yadda za a sa wa wani.

Wahalar gaskiya a gida aka sha ta, kuma a nan ne Inna da Gwaggo suka cancanci godiyar da baki ba zai iya ba. An ce mako 2 sai abinci mai laushi. To mu a nan abinci mai laushi me ne ne? Kunu, koko, fura, kuma duk da sukari muka saba sha. Ko ba a sa sukari ba, gero da kansa yana ɗaga shi in an cika kwano. In kuma yaro ya ƙi ci don bakin na ciwo, alhali ya yi allurarsa, sukari ya faɗi ƙasa, sai gumi da makyarkyata, wannan kuwa ya fi saurin kai mutum ƙasa. Tsakanin waɗannan biyun tsofaffin nan suka yi ta lallaɓawa: faten wake, alala, dafaffen ƙwai, romo, tuwo mai taushi da miyar kuka, kunu ɗan daidai ba sukari, kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Gwaggo takan zauna gabansa ta ce: "Auta, ci don Allah, ba don daɗi ba." Sun ɓoye asuwaki da rake da kilishi, suka saya masa burushi mai laushi. Na ga Inna cikin dare tana haska fitila tana rubuta lambar gwaji a littafi. Allah ya saka muku da Aljanna.

Maƙwabcinmu na Birni da ya buɗe mana firjinsa don ajiye insulin lokacin zafi da ɗaukewar wuta, mun gode. Abokan autanmu da suka riƙa kawo masa darussan lakwal, da malamansa da suka yi masa uzuri, mun gode. Mai farmasin unguwa da ya ba mu magani kafin kuɗi su haɗu, da ƴan uwa na Mirya da Matamaye da suka aiko da abin da ya sawwaƙa, Allah ya mayar muku da alheri.

A zaman jiran layi na ji irin tambayoyin da likitan nan yake yi wa kowa, kuma ina roƙon jama'a su daina jin haushinsu. Mai hawan jini, sai an gwada shi kafin a cire masa haƙori, don jinin na iya ƙin tsayawa, kuma allurar kashe zafi galibi tana da adrenalin a ciki, wani sinadari da ke iya ƙara ɗaga jinin. Mai shan maganin tsinka jini kamar aspirin ko warfarin dole ya faɗa, kuma kada ya daina sha da kansa don zai je wajen likitan haƙora. Mai sikila, ƙwayar cuta ko ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar masa da ciwon. Wanda aka sa wa ƙyauren zuciya na roba, wato ƴar ƙofar da ke buɗe wa jini hanya a cikin zuciya, ko ya taɓa yin ciwon da ƙwayoyin cuta ke kama cikin zuciya, ana ba shi magani kafin a taɓa dasashinsa. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, wani lokaci ma ba a mayar masa da haƙorin, don haɗarin ya fi amfanin. Taba kuma tana rage jinin da ke zuwa dasashi. Mu a nan mun iya ɓoye cuta, musamman ga budurwa ko saurayi, don gudun surutu a maganar aure. Na fahimci tsoron, a gidanmu ma mun san shi. Amma likitan da zai sa hannu a bakin ɗanka, in ka ɓoye masa, ɗanka ka cutar. Wani abu kuma ga iyaye mata: haƙorin nono na ƙananan yara ba a mayar da shi, don zai iya lalata na dindindin da ke ƙarƙashinsa. A kai yaron a duba shi dai.

Aiki bai ƙare ba. Kafin a cire wayar, likita ya buɗe haƙorin ya cire jijiyar ciki, daga baya ya cike shi, domin a wanda saiwarsa ta gama girma jijiyar ba ta farfaɗowa, in an bar ta ruɓewa take yi. Bai yi mana alkawarin haƙorin zai zauna har abada ba. Ya ce a wasu, saiwar na zagwanyewa a hankali ko ta manne da ƙashi, kuma ba a gane haka sai a hoto. Don haka akwai komawa a wata 3, wata 6, shekara 1, sannan kowace shekara har aƙalla shekara 5. Muna roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a, Allah ya daidaita masa sukarinsa, ya bar masa haƙorinsa.

Waɗanda suka kira ba mu ɗauka ba, ku yafe mana, hankali ne ba ya jikinmu a lokacin. Masu kwanuka da kuloli a gidanmu, Inna ta ce a gaya muku ranar Juma'a bayan la'asar in Allah ya yarda za mu zagayo da su gida-gida, kuma autan da kansa zai biyo mu ya yi muku godiya da bakinsa.