Hazo ta dawo gida: godiya ga duk waɗanda suka taya mu nema

Assalamu alaikum. Ina sanar da duk waɗanda suka ga cigiyar da muka yi, da waɗanda suka yaɗa ta, da waɗanda suka riƙa kira safe da yamma suna tambayar ko an dace, cewa Allah Ya dawo mana da kyanwarmu Hazo shekaranjiya da dare, bayan ta kwana takwas a waje. Tana raye, kuma babu karaya a jikinta, illa dai ta rame ƙwarai, ta galabaita, kuma akwai ƙujewa a ƙafarta ta baya ta hagu. Na jinkirta wannan rubutu ne har sai da na ga ta fara cin abinci, domin ban so in yi godiya a gurguje ga mutanen da suka hana idonsu barci saboda damuwar da ba tasu ba.

Shekarar Hazo huɗu, kuma tun da aka kawo mana ita tana 'yar wata biyu ba ta taɓa fita waje ba. Iyakar duniyarta ɗakunan gidanmu ne da bakin tagar kicin, inda take zama tana kallon tsuntsaye, kuma ta wannan tagar ta fita. Ragar da ke jikin tagar ta ɓalle a kusurwa ɗaya, na ga ɓallewar tun mako biyu kafin abin ya faru, amma na yi ta ɗage gyaran saboda a ganina kafar ba ta kai faɗin tafin hannuna ba. Daga baya aka bayyana mini cewa ƙashin da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji a jikin kyanwa ƙarami ne, kuma ba a manne yake da sauran ƙasusuwa ba, shi ya sa kafar da kanta ya shige sau da yawa sauran jikinta ma yakan bi. Wannan sakaci nawa ne, kuma na karɓe shi.

Da gari ya waye ba ta zo bakin kwanonta ba, muka zazzage durowoyi, muka ɗaga katifu, muka ja firji, maigidana ya hau silin da tocila. Da muka tabbata ba ta cikin gida, sai hankalinmu ya tafi nesa. Kwana biyu muka yi muna zaga tituna a mota, muna ƙwala mata kira, muna tsayawa duk inda muka hango mage mai ruwan toka, mu dawo da dare murya a dishe, ba mu ji ko ɗuriyarta ba.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ta likitar dabbobin da ke duba Hazo ce, wadda na kira a rana ta uku ina kuka, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mu ajiye mota mu dawo bakin ƙofarmu. Ta ce kyanwar da ta saba da ɗaki ba ta yin yawo idan ta tsinci kanta a waje. Tsoro ne yake kama ta, sai ta faɗa maɓoya ta farko da ta gani, ta lafe, ta yi shiru, kuma ko ta ji muryar mai ita ba za ta amsa ba, domin a halittarta yin kuka a baƙon wuri tona wa kai asiri ne ga abin da zai cutar da ita. Tana iya kwanaki a haka har sai yunwa da ƙishirwa sun rinjayi tsoron. Ta kuma ambata mini wani bincike da masana a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostiraliya suka wallafa a shekarar 2018, wanda ya bi labarin kyanwoyi 1,210 da suka ɓata. Kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka samu, a cikin tazarar mita 500 daga inda suka fita aka same su, kuma a cikin kyanwoyin da ba su saba fita ba, uku cikin huɗu ba su wuce mita 137 ba. Binciken ya nuna kuma cewa kashi 34 cikin ɗari ne kawai aka samu da rai a cikin kwana bakwai na farko. Wannan lissafi na ƙarshe ya zauna mini a ƙirji kamar dutse, ina ƙirga kwanakin, amma na farkon shi ya sauya yadda muke nema gaba ɗaya.

Sai dai mita ɗari da 'yan kai daga ƙofarmu ba fili ba ne, gidajen mutane ne. Ma'anar shawarar likita ita ce mu ƙwanƙwasa kowace ƙofa, mu roƙi a bar mu mu shiga da kanmu, mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashin matakala da bayan janareta da cikin sito da duk lungun da masu gida ba su so baƙo ya gani. Cewa mutum ya duba mana bai wadatar ba, domin wanda ba kyanwarsa ba ce zai leƙa daga tsaye ne, ita kuwa tana can ƙasa inda sai an kwanta ake gani. Na ji nauyin wannan roƙo sosai, na kuma shirya wa jin amsar da ba ta da daɗi. Gida goma sha ɗaya muka shiga, kuma babu inda aka ɓata mana rai. Wata baiwar Allah mai jego ta tashi da jaririnta a kafaɗa ta buɗe mana sitonta. Wani maƙwabci da gaisuwa kawai ke haɗa mu ya janye kayan gininsa da hannunsa, ƙura ta lulluɓe masa riga, bai ce uffan ba. Ina so ku sani cewa na ga wannan duka, kuma ba zan manta ba.

Ina gode wa maigadin layinmu, wanda ya ɗaukar wa kansa tsayar da kowane mai mota da safe ya roƙe shi ya bubbuga bonet kafin ya tayar da inji, saboda maguna kan shiga wurin su kwanta don ɗumi. Ina gode wa yaran unguwa, waɗanda suka fahimci abin da aka ce musu, cewa idan sun gan ta kada su bi ta da gudu, su tsaya daga nesa su aiko a kira mu. Ina gode wa waɗanda suka yaɗa hotonta a Facebook da WhatsApp, har da waɗanda suka kira da labarin wata magen daban, domin kowane kira alama ce cewa wani yana buɗe ido dominmu. Mutum ɗaya ne kawai ya so ya ci da damuwarmu: ya kira ya ce tana hannunsa, amma sai an tura masa kuɗi kafin ya aiko hoto. Abin da ya tsare mu shi ne shawarar ƙanwata, wadda tun ranar farko ta ce mu ɓoye alama ɗaya kada mu sa a cigiya. Hazo tana da ɗan farin ɗigo a ƙarƙashin haɓarta. Da na tambaye shi abin da ke wurin, sai ya kashe waya.

Wani matashi da ban taɓa sani ba ya ga cigiyar ya kawo mana aron kyamara mai ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya motsa cikin duhu, wata mata mai kula da magunan da ba su da masu su kuma ta ba mu aron keji mai ƙofar da ke rufe kanta idan dabba ta taka farantin da ke ciki, ba tare da ya ji mata ciwo ba. Dare uku muna sauya wa kyamarar wuri ba ta kama komai ba sai wani muzuru da ɓeraye. A dare na bakwai muka kafa ta a bayan gidan wani dattijo, gida na biyu daga namu, kusa da tankin ruwansa da famfonsa ke ɗiga. Mun riga mun duba wurin da rana tun kwana na huɗu ba mu ga komai ba, har na ji kunyar sake komawa. Da na fara ba shi haƙuri, sai ya katse ni ya ce: "'Yata, ki shiga ko sau goma ne. Abu mai rai ake nema." Da safe muka buɗe hotunan, sai ga ta da ƙarfe uku da minti arba'in na dare, ta duƙa tana lasar ruwan da ya taru a gindin tankin, kunnuwanta a kwance, jelarta a ƙasa.

A bayan tankin akwai tsofaffin kwanukan rufi da katakai da aka jingine da katanga, kuma tsakaninsu da ƙasa akwai wata 'yar kafa da ba ta wuce tsawon yatsa ba a baki, amma ta faɗaɗa daga ciki. A daren na takwas Baba, wato dattijon nan, ya bar mana ƙofarsa a buɗe, ya kashe fitilar waje, ya sa jikokinsa suka shige ɗaki da wuri. Na kwanta rubda ciki, kumatuna a kan ƙasa mai sanyi, na haska tocila cikin kafar a hankali. Likita ta riga ta gaya mini cewa da dare ake ganinsu fiye da rana, domin a bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi. Can ƙurya, bayan wani katako mai tsatsattsun ƙusoshi, sai ga ɗigo biyu kore shar suna kallona, ba sa ƙiftawa. Na kira sunanta ƙasa-ƙasa, irin kiran da nake mata idan zan zuba mata abinci. Ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba. Wurin bai kai taku hamsin daga ƙofarmu ba, kuma babu shakka ta ji duk kiran da muka yi mata a kwanakin nan.

Abin da ya fi mini wuya a duk kwana takwas ɗin shi ne janye hannuna a wannan lokaci. Zuciyata ta so in ture kwanukan in cafko ta, amma an gargaɗe ni cewa idan ta firgita ta zabura, za ta sauya maɓoya, mu koma farkon nema. Muka ajiye kejin a bakin kafar, muka sa kifin gwangwani a can ƙarshensa, muka lulluɓe shi da tsohon bargon da take kwanciya a kai domin ta ji ƙanshin gida, sannan muka ja da baya muka zauna a duhu. Baba, da shekarunsa, ya ƙi shiga ɗaki. Ya zauna a kan benci tare da ni da maigidana tun ƙarfe sha ɗaya, ba mai magana, sauro na cizonmu ba mai iya tafawa. Wajen ƙarfe biyu da rabi muka ji ƙarar ƙarfe ya faɗa. Da na isa, tana ta bugun kejin, tana huci, idanunta waje, ba ta gane ni ba ko kaɗan. Na rufe kejin ruf da bargon, ta lafa, muka ɗauke ta, kuma ba mu buɗe ba sai a cikin ɗaki bayan mun kulle ƙofa da taga. Ta ruga ƙarƙashin gado. Sai da asuba ta leƙo, ta shinshina yatsun 'yata da ta kwana a ƙasa tana jiranta, sannan ta goga mata kai a tafin hannu.

Baba, ban da abin da zan biya ku da shi. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sa jikokinku su ji ƙanku kamar yadda kuka ji ƙan wannan dabba.

Jiya da safe muka kai ta asibiti. Nauyinta ya sauka daga kilo 4.2 zuwa 3.6. An ba ta ruwa ta ƙarƙashin fata, an wanke ƙujewar, an ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki. Likita ta duba idanunta da dasashinta da cikin kunnuwanta ko akwai alamar ciwon shawara, saboda kyanwar da ta daɗe ba ta ci ba kitse yakan taru mata a hanta, kuma cutar tana iya kisa. Alhamdu lillahi, ba a ga alamar ba. An hana mu cika mata kwano lokaci ɗaya duk da yadda take roƙo, sai kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini har cikinta ya saba. Idan ta murmure za a sa mata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu. Na'urar ba ta nuna inda dabba take, lamba kawai take ɗauke da ita wadda ake karantawa a asibitin dabbobi a gano mai ita, amma da Hazo ta faɗa hannun wani, da ita ce shaidarmu.

Akwai kuma godiyar da ta fi sauran wuyar faɗa. Na san a cikin waɗanda suka taimaka mana akwai waɗanda ba sa kiwon kyanwa, wasu ma tsoronta suke ji, kuma suna da nasu matsalolin da suka fi wannan girma. Duk da haka babu wanda ya ce mini ai mage ce kawai, ko in samo wata. 'Yata mai shekara tara ta daina cin abinci sosai a kwanakin nan, tana ajiye kwanon Hazo a bakin ƙofa kowace magariba, kuma ta ga da idonta yadda manya suka ɗauki damuwarta da muhimmanci. Wannan ya taimake ta fiye da duk lallashin da na yi mata.

An gyara ragar tagar kicin, an kuma bi sauran tagogin ɗaya bayan ɗaya. Gobe in Allah Ya yarda za mu mayar da kyamara da keji ga masu su, mu kuma cire takardun cigiyar da muka manna. Ina roƙon waɗanda suka yaɗa hoton Hazo su goge shi ko su rubuta cewa an same ta. Saura abu ɗaya: a rana ta biyar wata baiwar Allah ta kama wata kyanwa mai ruwan toka tana zaton tamu ce. Kyanwar tana da tsabta, ta saba da hannu, da gani daga wani gida ta fito, kuma har yanzu tana wurin wannan mata ana kula da ita. Duk wanda ya san gidan da suka rasa irinta, don Allah ya aiko mini da saƙo, ya kuma faɗi alamar da ke kunnenta na dama.