Ranar da na fara yi wa mutane allurar mura

Laraba, 15 ga Oktoba, 2025

Sha ɗaya na dare ta gota. Damtsena na hagu yana ɗan tsami, ƙafafuna sun yi nauyi, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta yinin nan tun da ɗuminsa.

Na fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. A nan jihar Ohayo ta Amurka yanzu rana ba ta leƙowa sai wajen takwas saura, sanyin safiya kuma ya fara cizo. Itatuwan bakin hanyar tsangayarmu duk sun rine, wasu ja wur, wasu ruwan ɗorawa, busasshen ganye na ta ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Kakarsu ke nan. Mu a gida in an ce kaka, gero da dawa da gyaɗa ake nufi. Nan ma akwai girbi, ga kabewa nan an jera a ƙofar gidaje, sai dai a wurinmu ɗaliban harhaɗa magunguna kaka lokaci ne na yi wa jama'a rigakafin mura kafin sanyi ya tara kowa a ɗaki ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana so duk wanda ya kai wata 6 da haihuwa ya samu, kuma an fi so a yi kafin Oktoba ta ƙare, tunda cutar ta fi yin ƙamari tsakanin Disamba da Fabrairu.

Bakwai da rabi muna babban zauren ɗalibai muna jera tebura. Aikin farko da aka ba ni shi ne akwatin sanyi. Dole maganin ya zauna tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyos. In ya yi zafi ya lalace, in ya daskare ma ya lalace, don haka ba a yarda kwalinsa ya jingina da ƙanƙara. Akwai ɗan ma'auni da ke manne a jikin akwatin, lokaci-lokaci sai in duba in rubuta a takarda in sa hannu. Da na ɗaga murfin sanyin ya bugi fuskata, ba abin da ya faɗo mini a rai sai matan da ke bin gida-gida a unguwarmu a Kano, da akwatinsu rataye a kafaɗa, suna ɗiga wa yara maganin shan-inna, su shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a bangon zaure.

Mutum na farko da ya zauna a kujerata wata dattijuwa ce mai aiki a ɗakin karatu. Kafin yau allurar da na taɓa yi ta ruwan gishiri ce, a hannun abokiyar karatuna, ranar da aka gwada mu don ba mu shaidar horo. Yau kuwa ga baƙuwar fuska ta naɗe hannun riga ta miƙo mini damtsenta ba tare da wata shakka ba. Gabana ya faɗi. Na bi tambayoyin takarda ɗaya bayan ɗaya: ko tana jin zazzaɓi yau, ko wata allura ta taɓa tayar mata da rashin lafiya mai tsanani, ko ta taɓa yin ciwon nan na jijiyoyi mai suna Guillain-Barré. Na ba ta takardar bayanin rigakafin. Na wanke hannu, na goge wurin da auduga mai barasa, na jira ya bushe. Ina shirin sokawa sai na ji yatsan malamarmu a kan nawa. Ba ta ce uffan ba, ta dai ja yatsana ƙasa kaɗan. Na yi sama da yawa. Ƙa'ida ita ce a laluɓo ƙashin saman kafaɗa, a sauko faɗin yatsu biyu ko uku, a shiga inda tsoka ta fi kauri. In aka yi sama, allurar na iya taɓa gaɓar kafaɗa, mutum ya yi watanni yana fama da ciwo. Na gyara, na yi bisimilla a zuci, na shiga a miƙe cak, na tura rabin mililita, na zare, na rufe tsinin, na jefa a jan bokiti. Matar ta dube ni ta ce, har an gama? Sai a lokacin na saki numfashi.

Malamar ba ta tayar da maganar a gaban kowa ba. Sai da layi ya ɗan tsagaita ta kira ni gefe, ta sa ni na laluɓi ƙashin kafaɗarta har sau uku. Na ji daɗin yadda ta rufa mini asiri, kuma na san yatsuna ba za su sake mantawa da wannan ƙashi ba.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna, kuma yau ya ƙara fito mini fili. Mu kalma ɗaya muke da ita, mura. Yoyon hanci na kwana uku mura, wadda ke kayar da ƙato ta kai shi asibiti ita ma mura. Shi ya sa da na zo ƙasar nan na ga ana ta shelar allurar mura, ban ɗauke ta da wani nauyi ba. Sai da sanyin farko ya zo, cikin watan Janairu, ta kama ni. Da safe lafiyata ƙalau, kafin la'asar ina rawar ɗari, zafin jikina ya haura 39, kowace gaɓa kamar an yi mini dukan sakwara. Mako guda ban leƙa aji ba, tari kuma ya bi ni har kusan wata. Wannan ita ce infuluwenza, ƙwayar cutarta daban take da ta murar da muka saba. Ni da ƙuruciyata ke nan. Ga tsoho, ko mai juna biyu, ko mai asma ko ciwon suga, tana iya rikiɗewa ta zama ciwon huhu. Ta bara ma ta yi muni ƙwarai a Amurka, CDC ta sa ta a sahun masu tsanani, abin da ba a gani ba tun sanyin 2017 zuwa 2018.

Wajen sha ɗaya da rabi na lura da wani dattijo baƙi, sanye da kakin ma'aikatan shara da gyaran gine-gine, yana tsaye nesa da layi, takarda a hannunsa bai cike ba. Ya dubi hijabina, ya dubi katin da ke maƙale a farar rigata, ya matso a hankali ya yi sallama. Na amsa. Sai ya ce, "Kana jin Hausa?"

Wallahi sai da idona ya ciko. Na ce, "Baba, ina wuni? Daga Kano nake." Ya yi dariya har da tafa hannu. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya haura shekara ashirin a nan. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da bambanta "ka" da "ki", amma kowace kalma ta shige ni kamar ruwan sanyi. Na nemi izinin malama, na ja masa kujera a gefe.

Ya ce shugaban sashensu ne ya turo su, amma shi zuciyarsa ba ta kwanta ba. "'Yata, mura ce fa. Citta da kanumfari da lemun tsami sun ishe ni." Na tambayi shekarunsa, ya ce 67. Na tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce na suga, safe da yamma. Na so in fara zuba masa duk abin da na haddace, amma na tuna mahaifinmu. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, daga 2003 zuwa 2004, Abba yana cikin waɗanda suka rufe ƙofa, kuma ko bayan an dawo da shi bai sauko da wuri ba. Umma ta sha ba mu labari cewa ba wata doguwar hujja ce ta sauya masa ra'ayi ba. Wata maƙwabciyarmu ce da ke cikin masu aikin ta shigo ta zauna a tabarma, ta bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa, sannan ta jawo ɗanta ta ɗiga masa a gabansa. Don haka na yi shiru na ce, "Baba, gaya mini abin da ke damunka."

Abu biyu ne. Na ɗaya, ya taɓa yi shekarun baya, bayan 'yan kwanaki ya kwanta, tun daga nan ya ɗauka allurar ce ke sa cutar. Na biyu, ya ji a masallaci ana cewa akwai alade a ciki.

Na ce masa ƙwayar cutar da ke cikin allurar matacciya ce, an ma farfasa ta, ba ta da halin kama mutum. Abin da kan faru shi ne tsamin hannu ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Kuma jiki yana buƙatar kusan mako biyu kafin garkuwa ta kafu, to wanda ya riga ya kwaso cutar kafin nan zai kwanta, ya ɗora wa allura laifi. Ban ɓoye masa ba cewa ba ta karewa ɗari bisa ɗari. A shekarun da ta dace da irin ƙwayar da ke yawo, takan rage haɗarin da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wanda kuma ta kama duk da haka, galibi takan zo masa da sauƙi. Ya tambayi dalilin da ya sa kowace shekara sai an sake. Na ce ƙwayar ce mai sauya kama. Duk watan Fabrairu Hukumar Lafiya ta Duniya kan tara masana su duba irin waɗanda ke yawo a ƙasashe, su zaɓi waɗanda za a yi wa rigakafi a wannan ɓangare na duniya, sannan kamfanoni su yi watanni suna haɗawa, yawanci a cikin ƙwan kaji. Ta bana iri uku ta ƙunsa. Da huɗu ne, aka cire ɗaya saboda tun Maris na 2020 ba a sake ganinta ba.

Maganar alade kuwa ban ce masa ƙarya ce ba, domin akwai tushenta. Wanda ake fesawa a hanci, FluMist, yana da sinadarin jelatin da aka samo daga alade. Amma shi na 'yan shekara 2 zuwa 49 ne, kuma ba shi muka kawo ba. Na ɗauko takardar da ke cikin kwalin Fluzone High-Dose, wadda ake ba 'yan 65 zuwa sama saboda ƙarfinta ya ninka na sauran sau huɗu, na buɗe ta a kan gwiwata. Ya ciro tabarau, muka bi jerin kayan haɗin da yatsa, layi-layi, har ƙarshe. Babu jelatin.

Ya ninke tabaransa ya ce zai je ya yi azahar ya yi tunani. Na ce to Baba, Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri. Ya tafi da takardarsa a aljihu. Raina ya ɗan sosu, ban san ko zai dawo ba.

Da aka ba mu hutun rabin awa na fita waje. Oktoba watan masu harhaɗa magunguna ne a Amurka, don haka farfajiyar ta cika da tebura. 'Yan aji ɗaya, da sababbin fararen rigunansu da ko ninkin guga bai baje ba, suna auna wa mutane hawan jini. Wasu na raba ruwan tuffa mai ɗumi da kirfa, na sha kofi biyu. Na rubuta sunana a aikin Asabar 25 ga wata, ranar da jama'a ke kawo ragowar magungunan da suka tsufa a gida a karɓa a lalata, musamman masu sa maye, don kada su faɗa hannun yara. An ajiye kwalaye na tara abincin gwangwani ga mabuƙata kafin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. Ana kuma gasar sassaƙa kabewa ta bikin Halowin, ni dai ba na shiga wannan, na tsaya na kalli yadda wani ya fafe tasa ta zama turmin daka magani da taɓaryarsa.

Da rana wani saurayi ɗan ƙwallo ya yi luuu bayan an yi masa, muka kwantar da shi, muka ɗaga ƙafafunsa, bai fi minti ɗaya ba ya farfaɗo. Saboda irin haka ne muke zaunar da kowa minti 15 kafin ya tafi, da allurar gaggawa ta efinefirin a kusa don wanda jikinsa ya ƙi maganin.

Uku da kwata, mun fara tattara kaya, sai ga Baba ya shigo, takardarsa a cike. An nuna masa teburin da babu kowa, ya girgiza kai ya nuno ni. Ya cire rigar sama, ya naɗe hannun ta ciki. Damtsensa siriri ne, fatar ta saki, akwai tsohon tabon lamba a kai. Na laluɓi ƙashin, na sauko yatsu uku, na dubi malama, ta gyaɗa kai. Muka yi bisimilla tare, shi a bayyane. Da na manna filasta ya ce, "Hannunka da sanyi. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama lafiya." Na ce amin, Baba. A minti sha biyar ɗinsa ya ba ni labarin Kumasi, da 'yarsa da ke karatun jinya. Na ja masa kunne cewa in zazzaɓi da ciwon jiki suka taso masa kwatsam cikin sanyin nan, kada ya tsaya jira, domin maganin Tamiflu ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48.

Kafin a rufe akwatin abokiyar karatuna ta yi mini tawa.

A hanyar gida na kira Umma, a Kano tara na dare ta yi. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ce, "Ikon Allah, yau ke ce da akwatin sanyi." Ta ce iska ta fara sauyawa, hunturu na tafe, Abba ya fara ɗan tarinsa na kowace shekara. Na ce ta tabbata yana shan maganin hawan jininsa, in kuma ta ji jikinsa da zafi kada a tsaya kemis, a wuce asibiti. Ta ce to likita, na ce Umma ba likita ba, ta ce a wurinta duk ɗaya ne. Daga 2 ga Nuwamba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, tazararmu ta koma awa shida, sai na riƙa kiranta tun kafin in fito daga aji na ƙarshe.

Gobe da ƙarfe takwas ina da jarrabawa a kan yadda ƙoda ke fitar da magani daga jiki, saura babi guda ban duba ba. Ranar Juma'a kuma akwai zama na biyu a zauren. Baba ya ce zai zo da Hajiyarsa bayan an sauko daga masallaci, shekararta 61, don haka ta yau da kullum za a yi mata. Na riga na roƙi malama ta sa ni a layin yamma.