Godiya ga waɗanda suka sa wa yaranmu takalmi

Assalamu alaikum jama'ar Tawa, na gida da na nesa.

Alhamdu lillahi, yaranmu na ƙwallon kwando sun je Yamai sun dawo lafiya. Kofi dai bai biyo mu ba, a wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da mu. Amma yara 12 muka ɗauka, 12 muka maido wa iyayensu, ba mai targaɗe, ba wanda farcensa ya fita. Ni da nake horar da su na san cewa, bayan kiyayewar Ubangiji, takalman da ke ƙafarsu ne suka yi wannan aiki. Shi ya sa na ga ya kamata in fito fili in gode.

'Yan uwanmu na Adar mazauna Abijan, saƙo ɗaya muka tura kuka haɗa kuɗi, ko tambayar ba'asi ba ku yi ba. Iyayenmu mata na unguwa, mun san daga adashinku kuka cira. Allah ya mayar muku da ninkinsa.

Sai Kawunmu na Yamai, wanda ya buga ƙwallon nan tun muna goye. Ya hana ni faɗin sunansa, to ba zan faɗa ba, amma aikinsa kam sai na faɗa. Shi ya ce kada a sayi ko ƙafa ɗaya sai yaran sun iso da kansu, kuma sai da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan wuni, sannan kowa ya zo da safar da zai yi wasa da ita. Da muka shiga Babbar Kasuwa idon yara na kan tambari, wannan Jordan yake so, wancan Adidas. Kawu ya karɓi takalmin hannun ƙaraminsu ya ce, "Ɗana, juya shi mu ga ƙasansa tukuna." Zane yake nema mai lanƙwasa irin ƙayar kifi, wanda ke kama daɓe ta kowane ɓangare in yaro ya ci birki ko ya karkata. Ya murɗa takalmin kamar mai matse wanki, wanda ya murɗu cikin sauƙi ya ajiye shi gefe. Ya danna bayan dunduniya, ya sa yaro ya tsaya ya auna faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Takalman gudu duk ya hana, komai kyansu. Ya ce don tafiya gaba kawai aka yi su, sosonsu ya yi tudu da laushi, yaro na zabura gefe ƙafa za ta turguɗe.

A wajen 'yan gwanjo ne ya fi daɗewa, tunda a can kuɗinmu ya fi ƙarfi. Na gwanjo saman yakan yi kyau alhali soson tsakiya ya riga ya mutu, za ka gan shi da tamoji a gefe, ka danna bai dawo ba. Wanda ke tsalle yana dira kan wannan, gwiwarsa ce za ta biya.

Mun ɗan ja da shi kan masu dogon wuya, don ni na fi natsuwa in ga idon sawu a rufe. Ya tuna mini cewa tun 2008 Kobe Bryant, shahararren ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya koma buga wasa da gajeren takalmi, ya ce abin dubawa shi ne ƙafa ta zauna daram, dunduniya ba ta zamewa in an ɗaure igiya. Dogayen yaranmu na ƙarƙashin kwando duk da haka masu wuya na sa aka ba su, ya yi dariya ya ƙyale ni.

Ina gode wa Alhaji mai shago da ya gaya mana gaskiya cewa wasu daga cikin kayansa jabu ne, ga shi kuwa da ya yi shiru da mun saya. Shi ya shiga ya fita har aka samo lamba 46 da 47, waɗanda duk Tawa muka rasa. Ina gode wa makarantar da ta ba mu fili yara suka yi atisaye da sababbin takalman kafin ranar wasa, da direban da ya kai mu ya dawo da mu ta Doso da Dogon Dutsi da Konni, sama da kilomita 500 kowace tafiya, bai taɓa ɗaure fuska ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ku kuma yarana, ku saurara. Masu roba mai laushi na daɓe mai sumul ne, simintin filinmu zai cinye zanensu kafin damina. Ranar Asabar bayan la'asar kowa ya kawo nasa a goge ƙasansa da jiƙaƙƙen tsumma a sa a akwati, atisaye kuma da tsofaffin za a ci gaba. Wanda na gani da shi a gidan biki, ni da shi ne.