Mai Son Sauri A Gudu, Ya Fara Da Sassarfa

Abin da ke kayar da sababbin 'yan gudu shi ne kullum su fita da iya ƙarfinsu. Kafin wata ya zagayo ƙwauri ya fara ciwo, shi ke nan an ajiye takalmi.

Fita huɗu a mako ta wadatar. Uku ka yi su a hankali, minti 30 zuwa 40, gudun da za ka iya hira da abokinka ba haki. Shi ne ke gina zuciya da numfashi, ko da 'yan majalisar unguwa za su ce wasa kake yi. Rana ɗaya tak ake ware wa sauri: ɗumama jiki minti 10, sai ka zura da ƙarfi minti 1, ka taka a hankali minti 2, har sau shida. Filin ƙwallon firamare ya isa.

Kada ƙarin nisan da kake gudu a mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon da ya gabata, domin jijiya da ƙashi ba sa saurin sabawa kamar huhu.

Hanyar gona ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, amma yashi mai zurfi irin na jigayi yana wahalar da agara. Da bazara ka fita bayan sallar asuba, da azumi kuma sai an sha ruwa.